Narhari Mai Auna Sunaye

A garinmu na Wai ba a tambayar Narhari Datar ko ya ci abinci, sai in mutum ba shi da aikin yi ranar. Kafin ya ce i ko a'a, sai ya kama kalmar cin ya tuɓe ta, ya nuna maka saiwarta, ya jero maka 'ya'yanta da jikokinta, kai kuwa kana tsaye da kaya a ka. Dogo ne siriri, da maƙogwaro kamar ya haɗiyi ƙwallon mangwaro ya ƙi wucewa.

Yana ɗan shekara takwas ubansa ya kai shi makarantar Sanskrit, tsohon harshen addininmu, da ke bayan haikalin bakin kogi, aka aske masa kai aka bar tukku. Can ya haddace saiwoyin kalmomi wajen dubu biyu, waɗanda malamai suka ce duk kalmomin wannan harshe daga cikinsu suka tsiro. Abokan karatunsa suka haddace, suka kakkaɓe jiki, suka tafi karanta addu'ar aure da ta gawa, inda ake cin mai maiƙo. Shi kuwa ya maƙale da tambayar da ba ta kawo ko kwakwa guda: to su saiwoyin, wa ya shuka su?

Amsar da ya samo, da ita ya zauna har ƙarshen ransa. Ya ce kunne ne ya shuka su. Mutanen farko sun ji ruwa yana zurara, bakinsu ya kwaikwaya, suka ce "sru", aka sami kalmar gudana. Suka so su ce abu ya tsaya, sai iska ta taho sululu, harshe ya tare ta a bayan haƙori, ƙyam, "stha". Hankaka ma bai jira kowa ba, shi ya raɗa wa kansa "kaka". A wurin Narhari kowane sauti da halinsa, akwai mai nauyi, akwai mai santsi, akwai mai ƙaya. Bayan ya zama malami a makarantar, ana ce masa Shastri, laƙabin malamai, wani tsohon abokin aikinsa ya tsokane shi, ya ce, "To jaki fa, Shastri? Kullum yana faɗin sunansa da ƙarfi, me ya hana a ba shi?" Narhari ya yi mako biyu yana haɗa amsa. Ranar da ya kawo ta, mai tambayar ya manta ya yi tambaya.

Matarsa Yamuna ita ta fi kowa iya shi. Takan leƙo ta ce, "Kun ji ko, shinkafa tana hucewa." In ya buɗe baki zai soma, sai ta ce, "Ku ci tukuna, kwa tono ta daga baya. Saiwar ba ta gudu."

Wannan ilimi da ake yi wa dariya shi ya sa aka san shi. In an yi haihuwa, mai duba taurari yakan faɗi harafin da sunan jariri zai fara da shi, ya tsaya nan. Sauran aikin sai a kawo wa Narhari. Shi kuwa ba ya ba da suna sai ya auna shi sau uku. Da fari zai raɗa shi a hankali, kamar a kunnen jariri, yatsunsa biyu a kan maƙogwaronsa yana jin inda sunan ke karkarwa. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya kira shi kamar uwa tana kiran yaro cin abinci. Na uku sai ya sauka matakalan kogi ya ƙwala shi zuwa wancan ƙetaren, kamar mai kiran ɗan da ya yi laifi. Sunan da ya karye a ɗaya daga cikin ukun, ya zubar. Ana kawo masa kwakwa da ayaba, shi kuma ya miƙa 'yar takarda a ninke. Rabin yaran garin nan da bakinsa aka kira su.

Da Yamuna ta haifi namiji, ba sai an faɗa ba, ya yi kwana goma sha ɗaya yana awo. Ya fito da Achyut. Wata bakwai yaron ya yi, zawon damina ya tafi da shi cikin kwana uku. Bayan shekara biyu aka sami mace, ya sa mata Lalita, ya ce harshe ba ya taɓa komai da ƙarfi wajen faɗinsa, wasa kawai yake yi. Ta fara tafiya tana dafa ginshiƙin baranda, ƙyanda ta shigo unguwa.

Shi ya ɗauke ta a zani zuwa bayan gari. Ya dawo ya yi wanka, ya zauna kwanakin da ake zama, ya koma makaranta. Ba wanda ya ga hawayensa, kuma ba ɓoyewa ya yi ba, babu ne. Yamuna ta zuba masa miyar wake ba gishiri kwana huɗu a jere don ta ga ko zai tanka, ya cinye ya wanke hannu. Aka ci gaba da kawo masa kwakwa, ya ci gaba da ba da suna, sai dai ya daina awo na uku. Ba a ƙara jin muryarsa a bakin kogi ba. 'Ya'yan mai gawayi da na mai wanki da ya raɗa wa suna duk suka rayu, suka yi kumatu, suna jifan mangwaron makaranta.

Lokacin da ciki na uku ya tsufa, yayarsa Ambu ta riga ta dawo gidan da zama, mijinta ya mutu ya bar mata akwati ɗaya da harshe mai kaifi biyu. Aka haifi mace. Ranar da aka yanke cibi Ambu ta same shi a baranda.

"Naru, wannan ba za ka taɓa ta da bakinka ba."

"Ban ce komai ba, Yaya."

"Na ga maƙogwaronka yana motsi. Mutuwa ma kunne gare ta irin naka, suna mai daɗi take so. Ka yi mata kiran abinci sau biyu, ta zo ta ci. Ya isa."

Da wani ne ya faɗa masa haka shekara biyar baya, da ya ce maganar tsofaffin mata ce. Amma ya juya ta ya ga karatunsa ne aka miƙo masa ta baya. In har sauti yana da ƙarfin da yake koya wa ɗalibai, to mai daɗi yana jawowa, kuma ba a ce alheri kaɗai yake jawowa ba. Bai sami inda zai kama ya musa ba.

Sai ya yi abin da shi kaɗai zai yi a duniya. Ya zauna neman sautin da ba shi da saiwa, wanda ba ya nufin komai, don in mai kira ta zo ta rasa abin kamawa. Ya haɗa gaɓa da gaɓa yadda suka faɗo masa. Kowace ya furta, kafin ya rufe baki ta yi tsiro, ya ji daga wace saiwa take, ya ji me take cewa. Wanda ya haddace dubu biyu ba ya iya yin surutun banza ko ya so. Kwana goma sha ɗaya suka wuce takardarsa fara fat.

Rana ta goma sha biyu mata suka cika ɗaki, aka yi wa gadon lilo ado da furanni. Kafin a sa jaririyar ciki, Ambu ta ɗora ta a faifai, ta kai ta gefen juji ta ajiye, ta juya baya kamar ta zubar da shara, sannan ta koma ta ɗauko. Gwaggo ce ke raɗa suna, haƙƙinta ne. Ta sunkuya kan gadon ta ce, "Dhondi." Dutse ke nan, kuma ba na ado ba, irin wanda ake tokare ƙofa da shi ko a jefi kare. Mata suka dubi juna. 'Yar mai ba da suna guda.

Narhari yana baranda ya ji. Harshensa ya tashi zai fara tono don sabo, ya danne shi da haƙori. Duk tsawon ransa, ita ce kalma ɗaya da bai taɓa bin saiwarta ba.

Dhondi ta rayu. Ta yi ƙyanda ta tashi, ta faɗo daga bishiyar gwaiba ta tashi. Amma dutse ba a rungumarsa, in ba haka ba mai kunnen nan za ta gane wayo ake yi mata. Don haka Narhari bai taɓa ɗora yarinyar a wuya ba, bai taɓa sayo mata awarwaro daga kasuwa ba. Ranar da ta zo ta ɗaya a aji ta kawo masa takarda, ya duba sama da ƙasa ya ce, "To." Da farko yi yake yi da gangan, yana jin abin yana cizonsa. Daga baya cizon ya daina. Wanda ya daɗe yana kwaikwayon barci, barcin kan zo ya same shi.

A makaranta kuwa ana kiran suna kowace safiya, Vasanti, Sunanda, Malini, duk aikin ubanta, sai a zo kanta aji ya ɗauki ƙus-ƙus. Ta girma da baki, don wanda aka haifa da irin wannan suna ko ya yi baki ko ya yi kuka. Ta zama malamar 'yan mata a makarantar firamare, yara suna ce mata Malama Dutse a bayan ido, tana ji.

Tana shekara ashirin da uku aka zo ganinta daga Solapur. Saurayin, Sadanand sunansa, akawu a tashar jirgin ƙasa, mai kunya da manyan kunnuwa. Ya ci abin da ta kawo a faranti, ya ƙware, ta miƙa masa ruwa tana danne dariya. Suka yi wa juna. Aka sa rana.

A wurinmu ranar da amarya ta shiga gidan miji akan baza shinkafa a tire, ango ya cire zobe ya rubuta mata sabon suna a kai, da shi za a san ta har ta mutu. Wasu 'yan matan kuka suke yi saboda wannan tiren. Dhondi tun tana 'yar shekara bakwai take jiransa.

Sadanand ya zo da ladabinsa ya durƙusa gaban Narhari. "Baba, ni wa, in zaɓi suna ga 'yar gidanku? Ku rubuta min, in kwafa."

"Ka bar mata nata."

Sadanand ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin malamai ne. Da ya ga fuskar ba ta motsa ba, dariyar ta tsinke a tsakiya. Ya ce a hankali mahaifiyarsa ba za ta iya gabatar da amarya mai suna Dhondi ga dangi ba, ya sha shayinsa da zafi ya tafi.

Washegari da hantsi Narhari yana zaune a matakalar kogi ya gama bitar saiwoyinsa, sai ga Dhondi da rajistar aji a hammata. Ta zauna mataki ɗaya ƙasa da shi.

"Baba, shekara ashirin da uku ina dakon dutsen nan."

"Bai karya miki wuya ba."

"Ya kusa yi min ƙusumbi. 'Yar mai gawayi Vasanti ce. In ta wuce baƙa ƙirin da buhu a ka, a ce ga Vasanti nan. Ni kuwa a ce a ɗauke ni daga hanya kada a yi tuntuɓe."

"Su ba nawa ba ne."

"Au, ni taku ce? Yau na fara ji."

Ya dubi ruwa. Ya san maganar ta kamata ta soke shi, ya jira ya ji zafin, bai zo ba.

Ta ce, "Ku saurara, Baba. Suna dai sai an rubuta a tiren nan, da ku ko ba ku. Surukata tana da nata a shirye, a jikin takardar sabulu ta gano shi. Ba roƙon a canza nake yi ba, an gama wannan. Tambaya nake, daga bakin wa zai fito. Kun ba gari duka. Ni ban taɓa samun ko awarwaro daga hannunku ba, kuma ban tambaya ba. Wannan nake tambaya."

"Kin san biyu na ba wa a gidan nan."

"Na sani. Da su na yi wayo, kullum suna zaune tsakanina da ku. Mai laushi nake so, Baba. Kada ku kawo min wani dutsen da aka wanke aka shafa wa mai."

Ta tashi ta kakkaɓe zaninta na sari, don ƙararrawar makaranta ba ta jiran kowa.

Ambu, wadda yanzu ba ta da haƙori ko ɗaya amma harshen yana nan, ta ji labari kafin azahar.

"Ka bar mai sabulu ta sa. Sunan sabulu bai taɓa kashe kowa ba. Bakinka ne ba na so."

"Ita ta roƙa, Yaya."

"In ta roƙi ka tura ta rijiya fa? Ni na ɗauko yarinyar nan daga juji, na riƙe maka ita shekara ashirin da uku. Ke Yamuna, ba ki da baki?"

Yamuna tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni na haifi ukun, Yaya. Ba wanda ya tambaye ni sunan ko ɗaya."

Kwana uku Narhari bai je makaranta ba. Ba tunani yake yi ba, in ka gan shi, aiki yake yi kamar kafinta. Ya ɗauko suna, ya raɗa, yatsu a maƙogwaro, ya ajiye. Ya ɗauko wani. Ya san abin da ke cikin kowanne, kuma ya san bisa karatunsa mai laushi ba shi da inda zai tokare in an ja shi. A rana ta biyu Yamuna ta ji shi a bakin ƙofa yana kiran wata cin abinci, ba kowa a titi. Ta koma madafa ta zauna a ƙasa.

A rana ta uku, rana ta ɗaga, mata sun cika matakalai da wanki, ya sauko har mataki na ƙarshe, ruwa yana taɓa yatsunsa. Ya gyara murya. Rabon garin nan da jin wannan tun kafin a haifi rabin masu wankin. Ya kira zuwa wancan ƙetaren, "Malati." Muryar ta tsage a gaɓar farko, tsufa ne ba laifin sunan ba. Ya sake, wannan karon ya haye ruwan lafiya lau, har wani mai shanu a can ya waiwayo. Matan suka tsaya da sabulu a hannu. Ya hau matakalai ya wuce su kamar ya je sayen gishiri.

Ya rubuta a 'yar takarda ya ninke, ranar biki ya sa a aljihun Sadanand. Motar Solapur ta tashi da yamma, Yamuna tana kuka, Ambu ta juya wa ƙanenta baya, haka ta bar shi har wata guda. Amarya ta leƙo ta taga, ba ta san abin da ke cikin takardar ba tukuna, ko da yake duk garin ya sani. Ta ce, "Baba, mai laushi ne?" Ya ce, "I." Mota ta ja.

Kashegari, daga kogi bai wuce makaranta ba, ya biya gidan waya. A lokacin mugun labari ta wayar tangarahu yake zuwa, kuma da Turanci, wanda Narhari bai taɓa ɗauka a matsayin harshe ba balle ya koya. Ya tsaya a bakin kanta. Shugaban gidan wayar ya ce, "Kan sarki, Shastri?" Ya ce a'a. "Kati?" A'a. Ya tsaya minti goma yana sauraron na'urar tana ƙwanƙwasa, ya tafi. Ya dawo washegari, da wanshekare. Da aka yi mako biyu mutumin ya gane, ya sa aka ajiye benci a gefen ƙofa. Tun daga nan gaisuwarsu ke nan. "Ba komai yau, Shastri." "To."

Katunanta suna zuwa duk wata, cike da labarin tsadar albasa da halin suruka, a ƙasa ta sa Malati da manyan baƙaƙe har da ja masa layi. Yakan duba kwanan wata, ya duba ko rubutun nata yana rawa, ya miƙa wa Yamuna ta karanta sauran.

A shekara ta uku, wata safiya, bai kai ga zama ba shugaban gidan waya ya fito daga bayan kanta da takarda mai ruwan hoda. Bai taɓa fitowa ba. Narhari ya zauna a bencin a hankali, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Ya lura akwai tururuwa tana jan fiffiken ƙwaro a gefen ƙafarsa, ya bi ta da ido har ta shige tsagar siminti.

"Karanta."

"An sauka lafiya. Mace. Uwa da 'ya lafiya. A aiko da suna." Mutumin ya washe baki. "Kun zama kaka, Shastri. Sai a kawo mana alewa."

"To."

"Me za a mayar musu?"

Maƙogwaron Narhari ya hau ya sauka sau ɗaya.

"Ka ce akwai sunaye a Solapur."

"Haka kawai? Za ta ji haushi fa."

"Ta ji."

Ta ji kuwa, wata huɗu ba kati. Ya sayi alewar ya kawo gidan waya, ya koma bencinsa, don yanzu mutum biyu yake yi wa zaman. Ya ƙara shekara takwas a kai, har katakon ya lotsa daidai wurinsa, sannan wani sanyi ya kwantar da shi kwana biyar ya tafi, ba hayaniya.

Malati tana nan Solapur, ta haura saba'in, ta yi rashin miji, ta aurar da jikoki. Gwiwa ce kawai ke damunta, ita ma sai in hadari ya haɗu.